Dokar Sauro a Jihohin Amurka: Tambayoyin da 'Yan Uwa Suka Fi Yi

Duk shekara da zarar zafi ya kankama, daga Yuni zuwa Satumba, tambayoyi iri ɗaya ne ke yawo tsakanin 'yan uwanmu mazauna Amurka. Wani ya dawo daga aiki ya tarar da takarda maƙale a ƙofarsa, wata ta ji mota na feshi a layinsu da tsakar dare, wani kuma ya dawo daga ganin gida da zazzaɓi, bai gama warwarewa ba sai ga ma'aikatar lafiya ta kira shi a waya. Na tattara waɗanda aka fi maimaitawa na amsa su. Kowace jiha da tata dokar, saboda haka inda na ce Kalifoniya, kada mutumin Tekzas ya ɗauka da shi ake.

Wai da gaske ne akwai doka a kan sauro a Amurka?

Akwai, har ta haura shekara ɗari. A 1912, lokacin Woodrow Wilson yana gwamnan New Jersey kafin ya zama shugaban ƙasa, jihar ta yi dokar da ta kafa hukumomin yaƙi da sauro a gundumominta. Kalifoniya ta bi sahu a 1915, Fulorida ta kafa hukumarta ta farko a yankin Indian River a 1925, Illinois ta yi tata dokar a 1927. A wancan zamanin ba cuta kaɗai ce ta dame su ba. Sauron fadamun bakin teku ya karya farashin filaye, ya kori masu zuwa shan iska, don haka dillalan filaye na cikin waɗanda suka fi kowa matsawa.

Kusan duk dokokin abu ɗaya suke yi: su kafa hukuma, su ba ta ikon karɓar haraji, su ayyana ruwan da sauro ke ƙyanƙyasa a ciki a matsayin abin da ke cutar da jama'a. Wanda ya ji labarin duba-gari a bakin iyayensa, mutumin nan mai leƙa randa da kwata yana rubuta tara, ba zai ga baƙon abu ba. Bambancin kawai, na nan yana zuwa da mota, kuma kotu na bayansa.

Me ya sa aka bar wa jihohi, ba gwamnatin tarayya ba?

Tsarin mulkin Amurka ya lissafa abin da tarayya ke da iko a kansa, gyara na 10 kuma ya ce sauran na jihohi ne da jama'a. Kula da lafiyar jama'a na cikin wannan sauran. Kotun Ƙoli ta jaddada haka tun 1905 a shari'ar Jacobson da jihar Massachusetts, inda ta ce jiha na iya tilasta rigakafin agana don kare kowa.

Tarayya na da nata gefen. Hukumar kare muhalli ta EPA ce ke yi wa kowane maganin ƙwari rajista, ita ce ta haramta DDT a 1972, kuma tun 2011 mai fesa magani a kan ruwa sai ya riƙe izini a ƙarƙashin dokar tsaftar ruwa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC tana tattara alƙaluma, ta ba da shawara da tallafin kuɗi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, ita kanta CDC daga aikin yaƙi da maleriya ta fito, shi ya sa aka kafa ta a Atlanta a 1946, a kudancin ƙasar inda zazzaɓin ya fi yawa a lokacin. Duk da haka CDC ba ta da motar feshi a unguwarku. Wanda ke da ita, duba amsar “Wa ke yin aikin a unguwarmu”.

Waɗanne cututtuka ake tsoro? Mu da muka saba da maleriya, me ya rage?

Wadda ta fi addabar ƙasar ita ce West Nile. An fara gano ƙwayarta a Yuganda a 1937, ta ɓulla a birnin Niyok a 1999, cikin 'yan shekaru ta ratsa ƙasar daga gabas zuwa yamma. A jikin tsuntsaye take zaune, sauro jinsin Culex ke ɗaukowa ya kai wa mutum. Mutum takwas cikin goma da suka kamu ba sa ma sanin sun kamu, amma kusan ɗaya cikin 150 takan taɓa masa ƙwaƙwalwa ko laka, tsofaffi kuma sun fi shan wuya. A 2012 an samu mutum 5,674 a faɗin ƙasar, 286 suka rasu.

Akwai wata mai kumbura ƙwaƙwalwa da ake kira EEE, wadda ke kama dawaki da mutane a jihohin gabas. Ba ta cika faruwa ba, amma kusan uku cikin goma na waɗanda ta kwantar ba sa tashi. Sai dengi da Zika da cikungunya, waɗanda sauro mai zanen fari a ƙafa, jinsin Aedes, ke yaɗawa. Shi wannan da rana yake cizo, a idon sawu, kuma gidan sauro na dare ba ya hana shi komai. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da maganin maleriya ke yi wa aiki, kuma shan wuyar maleriya da ka yi a yarinta bai ba ka kariya daga ko ɗaya ba.

Wa ke yin aikin a unguwarmu?

Ya danganta da inda kake. A Kalifoniya da Fulorida akwai hukumomi masu cin gashin kansu da ba su da wani aiki sai sauro da makamantansa, da kasafinsu, da ɗakin gwaji, wasu har da jiragen sama. A tsibiran Keys na Fulorida zaɓen shugabannin hukumar ake yi da ƙuri'a kamar kansiloli, ma'aikatar gona ta jihar ce ke sa ido a kansu bisa babi na 388 na dokokin jihar. A Houston sashe ne a ma'aikatar lafiyar gundumar Harris. A birnin Niyok ma'aikatar lafiyar birni ce, kuma lambar 311 ake kira. A ƙauyuka da yawa kuwa babu kowa, sai dai ma'aikacin gyaran hanya da aka ɗora wa injin feshi a bayan mota.

Ruwan da ke kwance a cikin gidana, ina ruwan gwamnati da shi?

Sauron da ya ƙyanƙyashe a gidanka ba ya tsayawa a gidanka, wannan ita ce hujjar dokar gaba ɗaya. Dokar Kalifoniya ta yanzu, wadda aka sabunta a 2002, ta ce duk ruwan da ya zama maƙyanƙyasar sauro cutarwa ce ga jama'a, kuma ganin tsutsar sauro a ciki ya isa shaida. Babi na 341 na dokar lafiya ta Tekzas ma ya lissafa irin wannan ruwa cikin abubuwan da ake hukunci a kai. A birnin Niyok barin ruwa kwance saɓa dokar lafiya ne.

Ni ma an taɓa zuwa mini. Wata mata ce sanye da rigar aiki, riƙe da farin ludayi mai doguwar mariƙa, ta ce an kama sauro mai zane a tarkon da suka kafa a layinmu, ko zan bari ta duba harabar gidan. Na ce bismilla, don na tabbata ba kududdufi a gidana. Ba ta ko kalli inda nake nuna mata ba. Kai tsaye ta nufi tukwanen da na shuka yakuwa da kuɓewa, ta ɗaga guda, ta karkata farantin da ke ƙasa cikin ludayin. Ruwan bai kai rabin kofin shayi ba, amma ga su nan suna wutsil-wutsil, sun fi ashirin. Ta samu wasu a tsohuwar butar da aka manta a jikin katanga, da cikin lanƙwasar tamfol ɗin da muka rufe murhun gashi da shi tun Sallar layya. Ba ta rubuta mini komai ba. Ta ce in zubar, in kuma goge gefen farantan da soso, domin ƙwan wannan sauron manne yake a jikin mazubi, yana iya yin watanni a bushe yana jiran ruwa.

Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi mako ɗaya ne zuwa kwana goma a lokacin zafi. Shi ya sa duk takardar da za su ba ka “sau ɗaya a mako” take cewa.

Suna da ikon shigo mini gida ba da yardata ba?

A mafi yawan lokuta sallama suke yi su nemi izini, kuma kana da damar cewa a'a. Tun 1967, a shari'ar Camara, Kotun Ƙoli ta ce ko jami'in duba tsafta ne, idan mai gida ya ƙi, sai ya samo takardar izini daga alƙali. Sai dai samun takardar bai kai wuyar ta binciken laifi ba. Dokar Kalifoniya ta ba hukumar sauro damar neman wannan takarda don dubawa da kuma zuba magani, kuma hoton da aka ɗauka daga sama na wurin ninkaya da ruwansa ya koma kore kan taimaka wajen gamsar da alƙali.

Shawarata, ka nemi ganin katin shaidarsa, sannan ka bari ya duba. Harabar gida yake nema, ba ɗakin kwana ba. In matan gida ne kaɗai, ba laifi a ce ya dawo lokacin da maigida yake nan, sukan yarda a sa rana. Ƙin buɗewa baki ɗaya shi ke mayar da ƙaramar magana ta zama ta kotu. Gidan da ba kowa a ciki hukuncinsa daban, yana cikin amsar maƙwabci a ƙasa.

Nawa ce tarar?

A Kalifoniya tana iya kaiwa dala 1,000 a kowace rana, amma ba daga zuwan farko ba. Sai an ba ka takardar gargaɗi, an sa maka wa'adi, an ba ka damar bayyana gaban hukumar ka kare kanka, ka yi kunnen ƙashi, sannan lissafi ya fara. Hukumar na iya yin gyaran da kanta ta aiko maka da kuɗin aiki, in ka ƙi biya a ɗora bashin a kan takardun gidan, ranar sayarwa ya tare maka hanya. Sauran jihohi kowace da adadinta. A zahiri ba su cika kai wa ga tara ba, ruwan suke so a zubar.

Ni ɗan haya ne. Ni za a kama ko mai gidan?

Takardar hukuma galibi sunan mai gidan take ɗauka, domin shi ke cikin rajistar haraji. Amma dokar Kalifoniya ta haɗa har da wanda ruwan ke hannunsa, kuma yarjejeniyar haya da yawa ta ɗora kula da harabar gida a kan ɗan haya, don haka mai gida na iya juyo da kuɗin kanka. Bokitinka da tukwanen shukarka naka ne. Indararon da ya toshe, famfo mai yoyo, ramin da ruwa ke taruwa a wurin ajiye motoci, waɗannan na mai gida ne. Ka sanar da shi a rubuce, ka ajiye kwafi da hoto, in ya share ka sai ka kira hukumar da kanka.

Gidan maƙwabcinmu ya zama kango, wurin ninkayarsa ya yi kore. Me za mu yi?

Ku kai rahoto, wurare da yawa ba sai kun faɗi sunanku ba. Wannan matsala ta yi ƙamari a shekarun 2007 da 2008, lokacin da bankuna suka ƙwace dubban gidaje aka bar wuraren ninkaya ba mai kula. A Bakersfield ta Kalifoniya masu bincike sun danganta hauhawar West Nile ta 2007 da irin waɗannan gidaje. Maganin da hukumomin jihar suka fi so shi ne wani ɗan kifi mai suna Gambusia, mai cin tsutsar sauro, wanda da yawansu ke rabawa kyauta.

Tekzas sai da ta sha wuya kafin ta gyara dokarta. A 2012 West Nile ta kama mutum 1,868 a jihar, ta kashe 89, Dalas ta fi ko'ina jin jiki, har aka yi feshi da jirgin sama a karon farko tun 1966. Jami'ai sun yi ta kukan cewa suna ganin ruwa a gidajen da aka gudu aka bari, amma neman mai gidan kaɗai kan ci makonni. A 2013 majalisar jihar ta ba su damar zuba maganin tsutsa a irin wannan gida ba tare da jiran sanarwa ba, su liƙa takarda a ƙofa su tafi. Ihu bayan hari ne, amma yawancin dokokin sauro a ƙasar nan haka aka haife su.

An ce tara ruwan sama a duro da ajiye tsofaffin tayoyi ma da dokarsu?

Duro ba laifi ba ne a yawancin jihohi, muddin a rufe yake. Colorado, wadda ta daɗe tana hana tara ruwan sama saboda rikicin rabon ruwa, ta halatta shi a 2016: duro biyu, jimillar galan 110, da sharaɗin murfi mai rufuwa ruf.

Taya kuwa tana da tarihi. Sauron Aedes na Asiya an fara samunsa ya zauna da gindinsa a Houston a 1985, kuma cikin tsofaffin tayoyin da aka yi odarsu daga Asiya ya shigo. Taya na riƙe ruwa ko ta wane gefe ka ajiye ta, ga ɗumi, ga duhu. Yau kusan kowace jiha na da dokar tsofaffin tayoyi, kuma 'yan kuɗin da ake ƙara maka idan ka sayi sabuwar taya daga nan suka samo asali. A Illinois wani kaso na kuɗin yana tafiya ne ga aikin yaƙi da sauro. 'Yan uwa masu tara tayoyi da kayan mota a fili kafin a cika kwantena zuwa Kwatano ko Legas, wannan amsar taku ce: a sa su ƙarƙashin rufi.

Wa ke yanke shawarar yin feshi, kuma da wace hujja?

Hukumar da ta san aikinta ba ta feshi don kawai an yi ƙorafi. Tarko take kafawa, ta ƙirga sauron, ta niƙa su rukuni-rukuni a gwada ko akwai ƙwayar cuta. A Fulorida da Kalifoniya har kaji ake ajiyewa a keji a wurare daban-daban, ana ɗibar jininsu a kai a kai. Kazar ba ta ciwo, amma jininta na nuna cewa sauro mai cuta ya cije ta, sai a san cutar ta iso kafin ta kai ga mutum. Mataccen hankaka ma shaida ne, shi ya sa wasu jihohi ke da lambar kai rahoton matattun tsuntsaye.

Mafi yawan aikin a ruwa ake yinsa, a kashe tsutsa da wani magani da ake samu daga ƙwayar bakteriya mai suna Bti. Feshin da kake ji da dare mataki ne na baya, idan alƙaluma sun haura ma'aunin da aka sa. Na jirgin sama kuma ya fi kowanne jawo surutu, kuma sau da yawa sai an haɗa da ma'aikatar lafiya ta jiha ko an ayyana ta-ɓaci, kamar yadda na bayyana a amsar ta-ɓaci.

Zan iya cewa kada a fesa a gidana?

A wasu wurare, e. Massachusetts ta fi kowa tsara abin: kana cike takarda a cire gidanka daga feshin unguwa, ta fara aiki bayan kwana 15, ta ƙare a ƙarshen shekara sai ka sabunta. Amma idan kwamishinan lafiya ya tabbatar akwai haɗari ga jama'a, takardarka ba ta hana jirgi wucewa.

Jihar ta shiga wannan muhawara sosai bayan 2019, shekarar da EEE ta kama mutum 12 a can, shida suka rasu. A lokacin garuruwa da dama ba sa cikin kowace hukumar sauro. A Yulin 2020 Gwamna Charlie Baker ya sa hannu a dokar da ta ba hukumar jiha ikon yin aiki a ko'ina idan haɗari ya ƙaru, tare da ba gari damar neman a tsame shi in ya kawo nasa tsarin. Dokar ta wucin gadi ce, an sa mata wa'adi zuwa ƙarshen 2022. A wasu jihohin kuma abin da za ka samu bai wuce a sa ka cikin jerin waɗanda ake kira kafin feshi ba, musamman masu asma da masu kiwon zuma.

Maganin da ake fesawa ba ya cutarwa?

Adadin da ake fesawa kaɗan ne ƙwarai. Naled, wanda aka fi amfani da shi daga jirgi, kusan babban cokali biyu ne a fili mai girman filin ƙwallo, kuma EPA ta ce a wannan ma'auni ba ya barazana ga mutane. Sai dai Tarayyar Turai ba ta yarda a yi amfani da shi ba, gwamnan Puerto Rico ya ƙi shi a 2016 ana tsakiyar Zika, mutanen Miami Beach kuma sun yi zanga-zanga a kansa a shekarar. A watan Agustan 2016 feshin da aka yi da safe a gundumar Dorchester ta Karolina ta Kudu ya kashe miliyoyin ƙudan zuma. Connecticut kuma ta taƙaita wasu magunguna biyu a bakin teku a 2013 saboda kukan masunta.

A ganina masu tsoron maganin ba mahaukata ba ne, masu feshin ma ba mugaye ba ne, rigimar yawanci a kan sanarwa da lokaci take. Daren feshi a rufe tagogi, a shigo da kayan wasan yara da shanya, ganyen da aka shuka a wanke kafin a ci.

Na dawo daga gida da maleriya, asibiti ya kai sunana ma'aikatar lafiya. Ba tona asiri ba ne?

Ba shi ba ne, doka ce ta tilasta musu. Maleriya, dengi, West Nile da Zika duk suna cikin cututtukan da dokar jiha ta ce likita da ɗakin gwaji su sanar, kuma dokar sirrin majinyata ta tarayya, HIPAA, ta buɗe wannan ƙofa da gangan. Wanda zai kira ka zai tambayi ƙasar da ka je, ranar dawowa, ko ka sha maganin rigakafi, ko an ƙara maka jini. Abin da yake son tabbatarwa ɗaya ne: can ka kamu ko nan. In can ne, magana ta kusa ƙarewa. In ba ka yi tafiya ba, to sauron unguwarku ne, kuma gobe za ka ga masu tarko.

Wannan tambaya ta fi kowace shafarmu. Kusan mutum 2,000 ake samu da maleriya a Amurka duk shekara, mafi yawansu daga Afirka suka dawo, musamman Afirka ta Yamma, kuma kaso mafi girma masu zuwa ganin dangi ne, ba Turawa 'yan yawon buɗe ido ba. Dalilin a fili yake. Muna cewa mun saba, alhali ɗan jurewar da jiki ya samu tana zagwanyewa bayan an daɗe ba a gida, yaran da aka haifa a nan kuwa ba su da ita sam. Maganin rigakafi sai da takardar likita, don haka a nema makonni kafin tafiya. In zazzaɓi ya zo bayan dawowa, kalmar farko da za ka faɗa a asibiti ita ce daga Najeriya ko Nijar ko Ghana kake, domin likitan nan na iya shekara bai ga maleriya ba, sai ya ɗauka mura ce.

To maleriya na iya yaɗuwa a nan daga jikin matafiyi?

Tana iya, ko da yake ba kasafai ba. An kawar da ita daga Amurka tun 1951, amma sauron Anopheles bai tafi ko'ina ba. A 2023 an samu mutum goma da suka kamu ba tare da sun fita ƙasar ba: bakwai a gundumar Sarasota ta Fulorida, ɗai-ɗai a Tekzas da Maryland da Arkansas. Rabon da a ga haka tun 2003 a Palm Beach. Sarasota ta shawo kan abin cikin 'yan watanni domin tana da hukuma da ma'aikata da jirage tun kafin ranar. Wannan ne ya sa ake ce wa mai jinya ya guji cizon sauro har ya gama shan magani.

Me dokar ta-ɓaci ke canzawa? Ina da juna biyu, labarin Zika na ba ni tsoro.

Allah Ya raba lafiya. Ta-ɓaci na ba gwamna damar fitar da kuɗi da sayen kayan aiki ba tare da dogon layin ƙa'ida ba, ya kuma nemi taimakon tarayya. Gwamna Rick Scott ya ayyana ta a wasu gundumomin Fulorida tun Fabrairun 2016. Zuwa bazara sauron Mayami ya fara yaɗa Zika, CDC ta shawarci masu ciki su kauce wa unguwar Wynwood da ke birnin, abin da ba ta taɓa yi wa wata unguwa a babban yankin ƙasar ba. A shekarar mutum 218 suka kamu ta sauron gida a Fulorida, shida a Tekzas. Tekzas ta sa man korar sauro cikin abin da inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, Medicaid, ke biya wa masu ciki. Yaɗuwar ta lafa tun daga 2017, abin da ya rage miki shi ne ki tambayi likitarki kafin kowace tafiya.

Ta-ɓaci na iya taɓa zirga-zirga ma. A Agustan 2024 garin Plymouth na Massachusetts ya rufe wuraren shaƙatawa daga magariba zuwa wayewar gari saboda EEE. Bayan guguwar Harvey a 2017 jiragen sojan sama ne suka yi feshi a kudu maso gabashin Tekzas.

Wa ke biyan kuɗin duk wannan?

Kai ne, in kana da gida, in kuma haya kake yana cikin kuɗin hayarka. Duba takardar harajin gida, a wurare da yawa za ka ga ɗan layi na hukumar sauro. A Kalifoniya, tun ƙuri'ar raba gardama ta 1996, ba a ƙara irin wannan kuɗi sai an aika wa masu gidaje takardar ƙuri'a sun amince.

Nan ne raunin tsarin yake. Gunduma mai arziki na da jirgi da masana, maƙwabciyarta ba ta da ko tarko, sauro kuwa bai san iyaka ba. Wani bincike da ƙungiyar jami'an lafiya na gundumomi da birane ta fitar a 2017 ya nuna kashi 84 cikin ɗari na hukumomin da suka amsa suna da giɓi a aƙalla ɗaya daga muhimman ayyukansu. Karolina ta Arewa ta rushe sashenta na jiha mai kula da wannan aiki a 2011 don tsimi, sai ga shi a 2018 bayan guguwar Florence Gwamna Roy Cooper ya fitar da dala miliyan 4 na gaggawa don feshi a gundumomi 27. Tarayya ma haka: a lokacin Zika Shugaba Obama ya nemi dala biliyan 1.9 a Fabrairu, majalisa ba ta saki biliyan 1.1 ba sai ƙarshen Satumba, damina ta riga ta wuce. An sake sabunta dokar tallafa wa jihohi kan sauro a 2019, amma amincewa da tallafi daban, sakin kuɗin daban.

Na ji ana sakin sauro da gangan. Wace doka ta yarda da haka?

Maza ake saki, kuma namijin sauro ba ya cizo. Hanya ɗaya ita ce a sa musu bakteriyar Wolbachia, in sun sadu da matan daji ƙwan ba ya ƙyanƙyashewa, an gwada wannan a Fresno ta Kalifoniya daga 2017. Ɗayar ita ce ta kamfanin Oxitec, wanda ya sauya wa sauron ƙwayar halitta yadda 'ya'yansa mata ke mutuwa tun suna tsutsa.

Ta biyun ta bi matakai da dama kafin a sake ta a tsibiran Keys. A Nuwamban 2016 aka yi ƙuri'ar jin ra'ayi: gundumar Monroe gaba ɗaya ta amince, amma unguwar Key Haven, inda aka so fara gwajin, ta ƙi, sai aka janye daga can. EPA ta ba da izinin gwaji a Mayun 2020, ma'aikatar gona ta Fulorida ta sa hannu, zaɓaɓɓun shugabannin hukumar sauron yankin suka kaɗa ƙuri'a huɗu da ɗaya. A Afrilun 2021 aka ajiye akwatunan ƙwan farko a harabar gidajen waɗanda suka yarda, aka zuba musu ruwa.